Gyalen Ige

Da zan bar Goronyo da asuba
Ige ta cusa gyalenta cikin burgamina,
ja wur, kamar barkonon da aka shanya a tabarma.
Na ce, me zan yi da kayan mata a dawa?
Ta ce, ƙunshe goronka da shi.

Ƙaro na tafi nema.
Rigata ruwan ƙasa, wandona launin jigawa,
hulata ta koɗe tun bara waccan.
Daji ya gan ni, ya ɗauka nasa ne,
ya haɗiye ni bai ko tauna ba.

Bayan azahar gaɓar kwazazzabo ta zabtare da ni.
Ƙaurina ya ce ƙas,
kamar karan dawa a hannun yaro.
Na yi kira, kurciya ta amsa.
Na sake, har maƙogwaro ya koma garwashi.
Ashe muryar mutum ba ta wuce kalgo uku.
Ungulu biyu suka soma kewaya sama
suna wani lissafi da ba na so.

Sai na tuna goro.
Na zazzage shi a yashi, na warware gyalen,
na ɗaure shi a bakin gorar tsinkar ƙaro,
na ja gindi, na huta, na ja,
na soka gorar tsakanin rassan farar ƙaya.
Iska ta kama shi.
Cikin duk tokar nan da busasshen haki
abu ɗaya ya tsaya yana kururuwa ba baki.

Na kwana. Goro ne tuwo, goro ne ruwa.

Da hantsi Arzika mai raƙumi,
da lodin albasa zai kai Acida,
ya hango. Ya ce ya zaci wuta ce, amma ina hayaƙi?
Ya ce ba iccen da ke fure ja a wannan wata.
Ya karkata akala.

Yau ina ɗingishi.
Gyalen ya yage inda ƙaya ta ci rabonta.
Ige ta ce sai na biya ta.
Na sayo mata biyu ranar kasuwa, na riƙe tsohon.
Samari masu shiga dawa suna dariya,
wai ga dattijo da jan gyale a wuya.
Nakan dubi rigunansu masu launin ƙasa,
in kira ƙaraminsu gefe,
in yaga masa ƙyalle.