Shafi na Tamanin da Bakwai

Layi na huɗu daga sama,
littafin tarihin da gunduma ta saya mana ya ce:
"An kawo ma'aikata daga Afirka don noman shinkafa."
Ma'aikata.
Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a wannan gari na Karolina ta Kudu,
ina haɗiye kalmar nan kamar ƙayar kifi,
ina kora ta da ruwa.

Ran Talata Zenobia ta ɗaga hannu daga kujerar baya:
"Malama, nawa ake biyan su?"
Fanka na juyawa.
Wani ya fara dariya, ya mai da abarsa ciki.
Na ce mata gobe.
A daren nan abincina ya huce a gabana.

Na sauka ɗakin ajiyar takardu na kotu,
inda danshi ya cinye gefen kowace takarda,
na kwafo lissafin gadon wani mai gona a bakin kogi.
Garma biyu.
Tukunyar tagulla.
Gurgun alfadari, dala arba'in.
Hagar, ta iya sheƙa da bakace, dala ɗari shida,
jaririnta gyara.
Scipio, wanda ya san lokacin buɗe wa gona ruwa
da lokacin toshe shi,
ya makance, an ja masa layi, babu farashi.

Na raba musu kwafi ashirin da tara.
Ban lura da saman takardar ba sai da ajin ya yi tsit:
Mabry.
Mabry biyu gare ni.
Zenobia a baya, Wyatt a bakin taga, kunnuwansa sun yi ja.
Ɗaya ya gaji sunan daga hannun da ya riƙe alƙalami,
ɗaya daga wadda aka rubuta ƙarƙashin alfadari.

Shugaban makaranta ya kira ni, ya rufe ƙofa a hankali.
Ya ce in tuna kazar da ta yi ta tone-tone.
Na ce na san abin da ta tono.

A taron iyaye uban Wyatt ya miƙe, hularsa a hannu:
"Ɗana bai sayi kowa ba.
Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.
An ce ma kakanninmu sun riƙe su kamar 'yan gida."
Muryarsa na rawa, kuma ba mugu ba ne,
shi ya gyara mini mota kyauta a damina.
Ban sami bakin amsawa ba.
Kakar Zenobia, Eulalie, ta dogara sanda ta tashi,
ta ɗauki lokaci kafin ƙafarta ta yarda.
"Ɗan gida," ta ce, "ana sa masa kuɗi?
Ban zo karɓar bashi wurin yaro ba.
In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba.
Ku dai faɗa wa jikata abin da aka yi,
da sunan da ake kiransa."
Ta zauna. Babu wanda ya tafa.

Har yau hukumar ilimi ba ta yanke hukunci ba.
Wasiƙar gargaɗi na cikin jakata, na ninke ta huɗu.
Littafin na nan, da bangonsa mai sheƙi.

Amma ran Juma'a, bayan an tashi,
na iske Wyatt shi kaɗai, ya tara littattafan a tebur,
yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya.
Bai ɗago ba ya ce:
"Jaririn fa, Malama? Ba su rubuta sunansa ba?"
Na ce ba su rubuta ba.
Ya ja layi kan kalmar,
ya sa Hagar a gefe, ya sa Scipio,
ya bar fili kamar faɗin yatsa biyu.

Da fensir ne, littafin na gunduma ne.
Za a iya gogewa.
Sai dai yaron yana da nauyin hannu:
ko an goge, in ka shafa bayan shafin
za ka ji su a yatsanka.