Da'irar Gwaggo Tumba

Sa'ade na kawo, ba koyo na zo ba.
Hutun bazara ya yi mana tsawo a Gummi,
an ɗauke wuta, waya ta mutu,
yara sun ƙarar da faɗan da ke cikin gida.
Aka ce can bayan gari, hanyar gulbi,
wata tsohuwa na tara yara gindin tsamiya,
ɗari biyar a mako, kowa ya zo da tsummansa.

Na rakuɓe gefe da hulata da agogona
ina jiran a tashi.
Gwaggo Tumba ko kai ba ta ɗaga ba:
"Malam, inuwag ga ba ta 'yan kallo ba ce.
Tuɓe takalmi."
Na tuɓe.

Shekara goma sha tara ina koyar da lissafi.
Na san da'ira ciki da bai,
na sha zare wa yaro ido don ya manta ƙa'idarta.
Yau ga ni, wando naɗe har gwiwa,
ina taka yumɓu da ƙaiƙayi,
sanyinsa na kutsowa ta tsakanin yatsu.
"Tsince tsakuwa," in ji ta. "Ƙwara guda
ita ka kashe randa ranar wuta."
Na ce to, hankalina na kan agogo.

Mu tara ne: yara bakwai, da ni,
da Namakka tela, wanda ciwon baya ya raba da keke.
Na aza curi a kasko, na juya, na daddaɓa,
baki ya karkata yamma kamar mai sauraron gulma.
Na tallabi yamma, gabas ta zube.
Yara suka tuntsure, tawa ce kan gaba.
Na ce a ba ni zare in auna.
Tsohuwa ta yi dariya har goro ya faɗo mata:
"Zare? Idon magini cikin tahi yake.
Kai umurni kaka ba ta,
ita ko lallashi taka so."
Ta jiƙa ganyen mangwaro, ta ja shi sau ɗaya,
baki ya zagayo ya sadu da kansa.

Kwana shida suna shan iska a inuwa,
muna leƙa su kamar majinyata.
Ran na bakwai da la'asar sakaliya
muka jera su, muka lulluɓe da kara
da busasshen kashin shanu,
Namakka ya ƙyasta ashana.
Wuta ta tashi, jemagu suka bar tsamiya.
Can cikin ja sai muka ji tas!
Ba wanda ya dube ni.
Ni ma ban tambaya ba.

Da safe muka tone toka da sanda.
Asusun Sa'ade, mai zaman kwaɗo,
ya fito jajir, ta ƙwanƙwasa, ya amsa.
Kaskon tela lafiya lau.
Tulun malamin lissafi kashi uku,
ga tsakuwar nan a bakin tsagar,
ba ta fi ƙwayar dawa ba.

Na duƙa zan watsar, ta riƙe min hannu.
Ta zuba tsingaron a turmi, ta miƙo taɓarya.
"Daka. Gobe mu sa shi cikin sabon kwaɓi.
Wanda ya taɓa shan wuta
shi ka hana ɗanye tsagewa."
Na daka tuluna da hannuna
har ya koma gari.

Litinin aka koma makaranta.
Jan ƙasa bai gama fita daga farcena ba.
Na manta abin zana da'ira a gida,
na ja ta da alli, hannu sake.
Wani yaro daga baya ya ce, "Malam, ta karkace."
Ajin ya yi tsit, ana jiran tsawa.
Na ja da baya, na dube ta.
Ta karkace ɗin, wajen yamma.
Na miƙa masa allin.