Matakala Ɗari da Sittin da Uku

Ƙarfe shida nake barin tashar jiragen ruwa,
gishiri a gashin baki, tsatsa a tafin hannu,
Valparaíso tana hamma, fitilun tsauni na mutuwa ɗaya bayan ɗaya.
A bakin ƙofa muke kiciɓis da Orfelina,
ita za ta wankin zannuwan asibiti, ni na dawo.
"Burodi na kan tebur, safa ɗaya ta ɓata."
Gaisuwarmu ke nan.

Millaray, tashi.
Tashi, 'yar shekara shida, rana ba ta jiran mai bargo.
A kan igiyar jirgi na koyi kitso,
shi ya sa jelarki ta dama ta fi ta hagu kauri.
Shanye madararki. Jaka kuwa tun dare uwarki ta duba:
fensir biyu, magogin da kika cije wa kunne,
da ɗan littafin da malama ke aiko mana saƙo.

Daga gidanmu zuwa makaranta
matakala ɗari da sittin da uku ce.
Da fari goma ce iyakarki, sai ki komo ɗaya.
A watan Mayu, da ruwan sanyi ya sauko, kin kai arba'in.
Yanzu bibbiyu kike tsallakewa
kina cewa, "Baba, ka yi kure a tamanin."
Gaskiyarki. Gyangyaɗi ne ya cinye mini ɗaya.

Bari in faɗi laifina.
Wata Laraba kika yi kuka a kan harafin ñ,
wai igiyar ruwan da ke bisa kansa ta ƙi zama,
takarda har ta huje don gugewa,
ni kuma ga gajiya, ga miya tana ƙonewa.
Na karɓe fensir, na cika layi biyar tsaf.
Washegari Malama Fresia ta rubuto da jan biro:
"Don Eleodoro ya ci bakwai, maki mafi girma.
Gobe ina son ganin hannun Millaray."
A tsaye na karanta. Kunnuwana suka ɗau zafi
fiye da ranar da shugaban aiki ya daka mini tsawa cikin mutane.

Tun daga ranar nake zaune bisa hannuwana.
Ƙarfe biyar a kashe rediyo, ko da ƙungiyarmu ke buga ƙwallo,
a ture gishiri da kwanon albasa gefe,
rabin tebur naki ne.
Aikina fiƙe fensir da wuƙar kifi,
da tambaya: me kika gani a nan? Sake karanta mini.
In kin cije a kan kalma, sai in ƙirga biyar a zuci
kafin in buɗe baki.
Sau da yawa a huɗu kike cafko ta.
In ta ƙi, mu fita baranda mu kalli teku,
ki haɗa baƙaƙen da ke jikin jirgi mafi girma,
mu dawo.

Ban yi nisa a karatu ba, 'yata, a aji shida na tsaya.
Rana na nan tafe da za ki kawo lissafin da ya fi ƙarfina.
Ko a ranar kujerar nan tawa ce,
zan fiƙe fensir, in yi shiru.

Takwas da rabi uwarki ta karɓe ki, labari ɗaya, sai a kashe fitila,
ni kuma in gangara, ina ƙirgawa ni kaɗai.

Daren jiya, a aljihun rigar aikina, na tsinci 'yar takarda.
Kalma ɗaya ce: mañana, wato gobe.
Igiyar ruwan ta karkace kamar za ta zamo,
amma ta zauna.
Na nuna wa Baldomero mai tuƙa ƙugiyar ɗaga kaya,
ya juya ta, ya ce, "To, gobe me?"
Na ce ban sani ba tukuna,
na ninke, na mayar aljihu.

Safar nan kuwa, har yau ba a gan ta ba.