Rijiyar Bayan Gidan Barau

Gaba goma sha ɗaya na nutsa
a Kakuri, bayan gidan Barau mai batir.
Jar ƙasa, sai marmara,
sai yumɓu mai santsi kamar hanta,
sai idon ruwa ya buɗe tsakanin ƙafafuna.
Ni na fara kurɓa, haka al'adata take.
Garau. Na ɗaga murya: ku kawo guga!

Ban tambayi ƙasar abin da ta ci ba.

Shekara nawa Barau na fasa batir da gatari,
ya zare dalma, ya tuttular da ruwan tsamin
a gindin mangwaron da ya daina 'ya'ya?
Ƙasa ba ta musu.
An ba ta, ta karɓa, ta ƙulle
kamar uwar adashi.

Damina ce ranar kwasa.
Ruwan Agusta ya sauka, ya tarar da tsami,
tsami ya lallashi dalma ta saki jiki,
ta narke, ba launi, ba wari,
ta bi sawun saiwa, ta bi ramin gara,
taƙi ɗaya bana, taƙi biyu baɗi.
Saurin me za ta yi, wa ya koro ta?
Har ta iso ƙofar da na buɗe mata
da digata.

Lantana ta dama kunu da shi.
An yi alwala, an ba alayyafo.
Autanta Tanko, mai ƙirga motoci
har ɗari a bakin titi,
yanzu a bakwai yake cijewa,
ya zuba mini ido
kamar ni na ɓoye takwas.

Wata malama ta zo da kwalabe,
ta ɗiba, ta sa lamba a murfi.
Da ta dawo bayan mako uku, ko zama ba ta yi ba.
Na ce, to a riƙa tafasawa mana.
Ta ce, Baba Iliya, mai rai wuta ke kashewa,
wannan bai taɓa numfashi ba.

Yau ni aka kira in cike ta.
Ban yi ciniki ba.
Ina zuba ƙasa, ina jin faɗuwarta,
tim, can nesa,
sannan ƙarar ta riƙa matsowa sama.

Na sani, baki kawai nake rufewa.
Mai tafiya a ƙarƙashi bai tsaya ba,
gangare yake bi, ya nufi kogi,
kuma daga nan zuwa kogin
rijiya huɗu ce.
Duk ni na haƙa su.