Agogon da Ba Ya Faɗin Lokaci

A rumfata, bayan masu albasa a kasuwar Talata Mafara,
inda nake farke cikin wayoyi ina ɗinke jijiyarsu da dalma,
na ƙera wa Mudassiru agogo.
Bai san azahar ba, bai san la'asar ba.
Zuciya kaɗai yake saurare.

Ɗan ƙanwata ne, shekararsa tara.
Tun daren da suka baro ƙauye a ƙafa, ba takalmi,
kukan babur ya zame masa maciji.
Ko ɗan acaɓa ne ya ɗauko buhun masara,
sai yaron ya sandare da loma a hannu,
gumi na tsattsafo masa a karan hanci.
Likita ya duba, ya ce ba zazzaɓi.
An yi addu'a, an shafa.
Kazar da ke ƙirjinsa dai ba ta bar fuffuka ba.

Wata huɗu ina ɓarnar dalma.
Na ƙona yatsa biyu da allo uku.
Wata malamar asibiti a Gusau tana min gyara ta waya:
"Rage hasken. Yaro ba inji ba ne."
Daga bisani ƙwayar fitila, ba ta fi gero ba,
ta koyi yin ja in zuciya ta arce,
ta koyi yin kore in ta dawo gida.

Sai tabarau:
kwalin sabulu, gilasai biyu, robar wando,
da tsohuwar waya mai tsagaggen goshi.
Na yi sammako Bakalori, na ɗebo ruwa a kyamara,
gabas da yamma, har da sama,
balbelu kan shinkafa kamar an shanya wanki.
Na ɗaura ruwan a kan numfashi.
Ka ja iska a hankali, igiya ta matso.
Ka sake ta, ta koma.
Ka yi gaggawa, tafki ya gurɓace.

Ranar farko ya fizge, ya jefar.
"Kawu, ban ganin ƙohwa."
Kaina ya yi nauyi.
Wanda ya kwana yana gadin ƙofa da ido,
ba a rufe masa ido a ce ya huta.
Na ɗauki kusa na huda kwalin ta gefe,
daidai yadda zai hango ƙafar uwarsa
da gefen tabarma.

Bayan nan ya zauna.
Ja, ja, ja.
Ruwan goro.
Na ji numfashinsa yana sauka kamar guga a rijiya mai zurfi,
sai ga kore.
Ya ce, "Ina kifin?"
Na ce ban sa kifi ba.
Ya ce, "To wannan ba Bakalori ba ne."
Rannan uwarsa ta yi dariyar farko tun kaka.

Wata Talata, kwana uku ba wuta,
batir ya mutu, agogo ya makance,
babura bakwai suka ratso kasuwa a jere,
masu ɗaurin aure ne.
Na ga loma ta tsaya.
Ya dubi agogo, ba ja, ba kore.
Ya kamo yatsana, wanda ya ƙone,
ya ɗora a wuyan hannunsa.
"Wane launi?"
Abin na bugun yatsana kamar tsuntsu a tarko.
Na ce, "Ja ne, amma ya fara hucewa."
Ya ja iska. Ya riƙe. Ya sake.
Idonsa a buɗe, kan kwandon tumatir,
yana kiran ruwan da babu shi a ko'ina
sai inda ya ajiye shi da kansa.

Ban ce ya warke ba.
Har yanzu yakan farka kafin assalatu, ya lalubi bango.
Amma jiya na tarar da shi a gindin darbejiya
ya ɗaura wa Atine, 'yar maƙwabta, agogon,
yana cewa, "Kada ki kore shi. Bari shi zo."

Ni kuwa ina nan da fitila a baki,
ina koyon yadda ake zana tarwaɗa.