Shekarun Madubin Malam Jatau

Ranar rabon gado a Gangare
Yaya Sale ya ɗauki shagon Dilimi,
Ladidi ta tafi da keken ɗinki,
ni aka turo mini akwatin katako
mai warin kafur da tsohon mai.
"Na kakanku ne. Ke ce 'yar boko, ki ji da shi."

Ciki, kwance a jan ƙyalle,
madubin likita ne na tagulla,
wuya a lanƙwashe kamar zalɓe a bakin kududdufin kuza,
da ɗan madubi a ƙasa mai tsintar rana.

Na kai wa Pam mai gyaran agogo a Taminus.
Ya maƙala gilashi a ido, ya juya, ya ƙwanƙwasa.
"Sunan maƙerin ya goge, saura haruffa uku.
Amma abin nan ya girmi babana."
Ya karanto lamba a gindin wuya:
bakwai, ɗaya,
wata da gumin babban yatsa ya cinye,
tara.

Wani malamin jami'a a Naraguta ya buɗe kundi,
ya ce kafin yaƙin duniya na biyu,
wataƙila ma na farko,
da dai lambar nan ta uku za ta yi magana.
Ya taya. Na ce albarka.

A gida na zazzage akwatin.
Ga rasit: fam uku da sule goma,
gwanjon kayan kamfanin kuza.
Kwanan watan kuwa, daga nan gara ta fara buɗa-baki.
Ga gilasai sirara goma sha ɗaya,
kowanne da ajamin Malam Jatau a gefe:
jinin saniyar Arɗo,
fiffiken fara,
ruwan rijiyarmu, bayan Asabe.

Wace ce Asabe?

Gwaggo Kande ta ajiye tsintar shinkafa.
Ta daɗe tana kallon faifai.
"Yayata ce. Shekararta huɗu.
Ciki ne, kwana biyu kacal.
Daminar nan ya sayar da kekensa ya sayo wannan,
wai sai ya ga abin da ke cikin ruwan da idonsa.
Ni ina goye a lokacin.
Ki ƙirga shekaruna, ki cire ɗaya."

To, ga shekaru iri biyu a hannuna.
Na tagulla, masana na ta lalube.
Na mutumin da ya tako daga Bukuru a ƙasa
da akwati a ka, ruwa na dukansa,
wannan babu kuskure ko na wata guda.

Da hantsi na ɗora shi a taga,
na karkata ɗan madubin har ya kamo haske,
na sa gilashin rijiyar, na murɗa a hankali.
Ruwan ya bushe tun kafin a haifi mahaifina.
Zobe-zoben laka kawai na gani,
sai wani baƙin abu mai motsi a gefe.
Gabana ya faɗi,
kafin na gane gashin idona ne
yana ƙiftawa daidai inda nasa ya ƙifta.