Teku a Kan Tebur

A Ålesund, bayan tashar jiragen masunta,
shagona ɗaki ɗaya ne, taga ɗaya.
Ƙarfe uku da rabi duhu ya riga ya sauka.
Na kunna akwatin, na bar shi ya ɗumama,
don in da sanyi a jikinsa ba na yarda da maganarsa.

Akwati ne mai ruwan toka, bai kai burodi biyu girma ba.
Sana'arsa guda: ya yi bugu, ya yi shiru,
ya sake bugu a daidai lokacin da na ce.
Ba ya gaggawa, ba ya nawa.
Shirun da ke tsakani shi nake saya,
shi nake sayarwa.

Oddvar, ƙanena, ya kawo ma'aunin zurfin jirginsa
a naɗe cikin tsohuwar rigar sanyi.
Ya ce, "Torunn, abin nan ya fara yi mini ƙarya.
Jiya ya ce mita tara, na ji dutse ya shafi cikin jirgi."
Ya ajiye, ya bar mini warin dizal da na kifi.

Na'urar ba ta da ido.
Kira take yi cikin ruwa, ta jira amsa-kuwwa,
ta ƙirga jiran, ta ce ga zurfi.
To ni ma na iya amsawa.
Na haɗa waya, na ba ta bugu na farko: ga kiranki.
Na ba ta na biyu: ga ƙasan teku.
Tsakaninsu kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa,
wato mita saba'in da biyar, ko yau ko gobe.

Ta ce tamanin da ɗaya.

Mita shida na ruwan da babu shi.
A cikin irinsa ake barin mata da marayu.

Na buɗe cikinta. Gishiri ya ci ƙafar wani ɗan abu
da bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Na cire, na sa sabo, hayaƙin dalma ya shiga idona,
kofina ya huce ban sha ba.
Na sake tambaya. Saba'in da biyar.
Na murɗa maɓalli, teku ya janye: talatin.
Na ƙara murɗawa: tara, biyar, uku,
tana bina sawu da sawu.
Babu igiyar ruwa, babu ɗigo a kan tebur,
amma na kai ta gaɓa na dawo da ita.

Aiki ya ƙare. Da na tashi.

Sai hannuna ya koma kan maɓallin shi kaɗai,
kamar yadda ya saba in ba kowa:
kashi huɗu cikin goma.
Mita ɗari uku.
Nan aka ce jirgin babanmu yake kwance
tun ina 'yar shekara goma sha ɗaya.

Layi kore a allo ya yi tsalle,
ya kwanta,
ya yi tsalle.
Ashe ko rabin daƙiƙa bai kai ba.
Ko numfashi ban gama ja ba amsa ta dawo.

Oddvar ya ƙwanƙwasa taga da makullin mota,
dusar ƙanƙara a gemunsa.
Na mayar da maɓalli kan sifiri,
na naɗe masa kayansa a rigar da ya kawo.
Ya ce nawa ne.
Na ce ya kawo kifi ranar Asabar,
kuma ya daina bi ta bayan dutsen nan.